Bakan gizo: aikin da ya haɗa lissafi da ado

Iyaye da yawa ba su da burin da ya wuce a sa ɗansu ajin kimiyya. Yaron da ya karkata ga zane ko adabi kuwa kallon rago ake yi masa. Duk mai wannan ra'ayi, ina so ya shiga tsohon soro a Kano ko Zariya, ya ɗaga kai ya dubi rufi.

Maginin gargajiya da ƙasa yake farawa. Zai kwaɓa ta da ruwa da ciyawa, a tattake, a bar ta ta kwana biyu, sannan a mulmula tubali a shanya. Wajen jeri, gindin tubali mai faɗi ne ke zama ƙasa, bangon kuma yana tashi da kauri yana sirancewa, don nauyi ya sauka inda ya dace.

Gwanintar tana wajen rufi. Azara, wato tsagin giginya, gara ba ta cika damunta ba, amma idan ta wuce kamar mita 2 ba tare da madogara ba, nauyin ƙasa zai lanƙwasa ta. To yaya za a rufe babban zaure ba a cika shi da ginshiƙai ba? Sai magini ya kafa azara a jikin bango tana leƙowa ciki, ya ɗora wata a kanta ta ɗan zarce ta, ya ɗaure da igiya, ya lulluɓe da ƙasa, ya jira ta bushe kafin ya ƙara. Haka zai yi ta tafiya daga bango biyu masu fuskantar juna har su gamu a tsakiya. Wannan ne bakan gizo. Kuskuren kusurwa kaɗan ya isa ya kayar da rufi a kan mutane, ga shi babu takarda babu alƙalami, sai ido da hannu da abin da magini ya koya wurin ubansa.

Abin da ya fi burge ni shi ne, wannan lanƙwasa da ke riƙe da ginin ita ce kuma kyansa. Ba ka iya cire adon ka bar ƙarfin. Tulluwar da ke sama tana ƙawata soro, tana kuma tura ruwan sama zuwa indararo. Makubar da ake yi da kwasfar ɗorawa tana ba bango launi, tana kare shi daga damina. Dagin da ake zanawa a ɗanyen yaɓe ne kawai za ka ce don ido aka yi shi, kuma gida ba ya cika sai da shi.

Da irin wannan ilimi Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830. A Nijar ma, Falke Barmu ya fara masallacin Yama da ke jihar Tawa a 1962, ginin da ya ci kyautar Aga Khan a 1986.

Yau siminti da kwano sun mamaye ko'ina, ɗakunanmu na ɗaukar zafi, maginan da suka iya ɗaurin bakan gizo kuma suna ƙarewa. Ya kamata makarantunmu na koyon zanen gini su nemo waɗanda suka rage, su zaunar da ɗalibai a gabansu, kuma su biya su hakkin malami.