Al'adar Goge Faifan Bogi Daga Rumbun Kwamfuta

Duk mai gyaran kwamfuta, daga shagunan Kankiya zuwa kasuwar Farm Centre ta Kano, yana da wata filasha da ba ya ba kowa aro. Cikinta fayilolin ISO ne, wato kwafin faifan CD ko DVD sukutum da aka dunƙule cikin fayil ɗaya. Sunan ya samo asali ne daga ƙa'idar ISO 9660 ta shekarar 1988. Faifan roba ya kusa ɓacewa daga kasuwa, amma kwafinsa na nan, sai ma ƙiba da ya ƙara: CD bai wuce megabait 700 ba, na Windows 11 kuwa ya haura gigabait 5.

A manyan ma'aikatu, inda uwar kwamfuta guda ke ɗauke da kwamfutocin bogi barkatai a cikinta, ana tara waɗannan fayiloli a rumbu ɗaya. Manhajar Virtual Machine Manager, wadda Microsoft ya fitar a 2007, ba ajiya kawai take yi ba, tana riƙe da rajistar kowane fayil da wanda ke amfani da shi. A nan gogewa ke zama sana'a. Mai gaggawa zai buɗe folda ya danna gogewa, ya ɗauka an gama. Fayil ya tafi, amma idan wani samfuri, wato tsarin da ake kwafa a haɗa kwamfutar bogi, na jingine da shi, sunan fayil ɗin zai ci gaba da zama a rajista da alamar ya ɓata. Kamar buhun gero ne da aka fitar daga sito ba a soke shi a littafi ba: ranar da aka zo nema ake rigima.

Umarnin da aka tanada a PowerShell, harshen da ya fito a 2006, yana bin abin daki-daki. Get-SCISO zai zaƙulo fayil ɗin, Remove-SCISO kuma ya cire shi daga rajista, ya kuma share shi daga rumbun. Idan yana maƙale da wata kwamfutar bogi ko samfuri, sai ya faɗa maka, ya jira amincewarka. A ganina wannan tambayar ita ce duk darajar umarnin. Abin takaici, akwai kalmar Force da ake liƙawa a ƙarshe don a rufe masa baki, kuma ita ce matasan ma'aikata suka fi saurin haddacewa. Layi ɗaya da aka rubuta da sakaci kan iya kwashe rumbun gaba ɗaya, babu kuma kwandon shara da za a koma a tono.

Sai dai akwai inda nake ja da masu wa'azin tsabtace rumbu. Shawararsu ta ginu ne a kan cewa abin da ka goge yau, gobe za ka sake sauke shi cikin mintuna. A ina? Wanda ke aiki a Fakuwa ko Kusada da datar waya, ga wuta sai ta ga dama, ya san gigabait 5 ba wasa ba ne. A Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Dutsin-Ma da ke kusa. A lokacin, abin da ke hannunka shi ne naka. Haka kuma Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 a Oktoban 2025, amma tsofaffin kwamfutocin makarantu da shagunan buga takardu ba su san da wannan sanarwa ba. Da yawansu ma ba za su iya ɗaukar Windows 11 ba, don haka tsohon fayil ɗin da wani ke kira shara shi ne abin ceto idan suka ƙi tashi.

Waɗanda suka dace da gogewa su ne kwafi biyu ko uku na abu ɗaya, da wanda saukarsa ta katse a rabi, da kuma na satar fasaha da ba a san wanda ya cusa wa ƙwayar cuta ba. Sauran a kwafe su zuwa wani faifan ajiya na daban tukuna, sannan a ba da umarni.