Dutse A Bakin Bahaushe Da Dutse A Cikin Ƙamus

Wanda ya tashi daga Tsafe ya nufi Gusau, kafin ya isa lalle idonsa zai faɗa kan Dutsen Kwatarkwashi, wanda ke tsaye a gefen hanya cikin ƙasar Bungudu, ga gari kwance a gindinsa. In ya tambayi yaro sunan wannan abu, sai ya ce masa dutse ne. In ya shiga wani gida ya tarar da tsohuwa durƙushe tana niƙa, abin da ke gabanta dutse ne. Tukunyar da ke kan wuta bisa duwatsun murhu uku ta ke zaune. Mai wanki yana da dutsen guga, alhali kuwa ƙarfe ne zalla da gawayi a cikinsa. Amarya kuma tana da duwatsun wuya. Ba a taɓa jin Bahaushe ya ruɗe da wannan ba, gama zancen da ke kewaye da kalmar shi ke nuna wanne a ke nufi. Wahala ba ta tasowa sai ran da aka ce za a juya kalmar zuwa wani harshe.

A ƙananan littattafan koyon Turanci da a ke sayarwa a kasuwa, akan jera kalmomi sahu biyu, Turanci a hagu, Hausa a dama. A nan ne mai koyo zai ga an rubuta stone, an sa masa dutse a gabansa, shi ke nan an wuce. Ba ƙarya aka yi ba, amma rabin gaskiya aka faɗa, rabin gaskiya kuwa a wurin fassara ya kan fi ƙarya ɓarna, domin mutum yana riƙe da shi da ƙarfin zuciya.

Ga dalili. Mutumin Ingila ba ya kiran Dutsen Kwatarkwashi stone. Rock zai ce, ko hill. Stone a wurinsa yawanci abin da hannu ke iya ɗauka ne, ko wanda aka fasa domin gini. Sa'an nan kuma ya ɗauki kalmar ya kai ta wuraren da Bahaushe bai kai dutse ba. Ƙwallon mangwaro da na dabino stone ne a bakinsa. Tsakuwar da ke taruwa a ƙodar mutum har likita ya yi masa aiki, ita ma stone ce. Ƙanƙarar da ke zubowa tare da ruwan sama tana ɗauke da wannan suna a wutsiyarta. Har ma'aunin nauyi gare su mai wannan suna, watau laba 14, kilo 6 ke nan da ɗan ɗori, da shi su ke auna jikin mutum.

To, a tsallaka zuwa Faransanci, harshen da fataken Zamfara ke tararwa a takardun Maraɗi. Bafaranshe ya rarraba abin da Bature na Ingila ya haɗa. Dutsen gini pierre ne, tsakuwar hanya caillou, babban dutsen da ke tsaye rocher, dutsen niƙa meule, ƙwallon mangwaro noyau, ƙanƙarar sama grêlon. Tsakuwar ƙoda kuwa calcul ya ke ce mata, kuma abin mamaki, da wannan kalma ɗin ya ke kiran lissafi, domin Rumawan dā da 'yan tsakuwoyi su ke ƙirga, sunan ya bi aikin. Ma'aunin laba 14 kuwa ba shi da shi sam, sai dai ya mayar kilo. Ashe harsuna uku ne, kowanne ya yanka gonar ta inda ya ga dama, kunyoyinsu ba su dace da juna ba.

A nan ne aibin fassarar da ke bi ta gada biyu ya ke fitowa. Mai son juya Hausa zuwa Faransanci a wannan gefe na iyaka, da wuya ya sami littafin da zai kai shi kai tsaye. Sai ya juya dutse ya zama stone, sa'an nan ya juya stone ya zama pierre. A gadar farko Dutsen Kwatarkwashi ya ƙanƙance ya koma abin jifa, a ta biyu kuma ba mai iya mayar masa da girmansa. Na'urorin fassara da ke cikin wayar hannu ma sau da yawa ta Turanci su ke ratsawa, su kan yi wannan tuntuɓe cikin sauri.

Kada a ce wannan gardamar malamai ce kurum. A ƙaddara dattawa sun shaida a gaban alƙali cewa iyakar gonar wane ita ce dutse, suna nufin falalen dutsen da ke shimfiɗe a gabas tun zamanin kakanni. Magatakarda ya rubuta stone. Bayan shekara ashirin dattawan sun ƙaura, jikoki suka tashi da rigima, aka ɗauko takarda. Wanda ya karanta zai tafi neman ɗan dutsen da aka kafa don alama, irin wanda mutum guda ke iya ciccibawa da dare ya gusar da shi taku goma. Gona ta kan salwanta a kan abin da bai kai wannan ba.

Manyan ƙamusoshi sun fi wannan hankali nesa. Na Bargery, wanda aka buga a 1934, ya haura shafi 1,200, kuma abin yabo gare shi shi ne mai shi bai zauna a ofis ya ƙaga ba. Ya zaga ƙasa yana tambayar mutane, ya kan kawo kalma da ma'anoninta daki-daki, har ya nuna wadda ta ke ta Sakkwato da wadda ta ke ta Katsina. Na Abraham, wanda ya fito a 1949 da taimakon Malam Mai Kano, ya fi yawan misalai na jimla da karin magana, ko da ya ke shafinsa a cushe ya ke, yana gajiyar da ido. Amma dukansu biyu tuwon baƙo ne: don Bature mai koyon Hausa aka dafa su, bayaninsu duk da Turanci ya ke. Wanda ya fito ajin yaƙi da jahilci, ya iya karatun Hausa sarai, in ya buɗe su sai ya ga kalmarsa a farkon layi, sauran kuwa ya gagare shi. Sashen Turanci zuwa Hausa da ke bayan Bargery ma gajere ne, ya fi kama da manuni.

An daɗe kafin a toshe wannan kafa. A 1990 Roxana Ma Newman ta fitar da ƙamus na Turanci zuwa Hausa wanda ke rarrabe ma'anonin kalma gwargwadon inda ta faɗo a zance. A 2006 kuma Jami'ar Bayero ta Kano ta buga Ƙamusun Hausa, wanda ke bayyana Hausa da Hausa, shi ne na farkon da ya kamata mai karatu ya nema in yana da hali. Sai dai waɗannan littattafai masu tsada ne, ba su ne ke shimfiɗe a tabarmar mai sayar da littattafai a tashar Gusau ba. Masu sahu biyun nan su ne ke wurin.

Bukatar kuwa ƙaruwa ta ke yi. A 2025 gwamnatin Nijar ta mai da Hausa harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Turanci a matsayin harsunan aiki. Takardun ciniki da na asibiti da na shari'a za su riƙa yawo tsakanin harsunan nan uku, kuma a kowace takarda akwai wani magatakarda da zai yanke, shi kaɗai, ko dutsen da aka faɗa masa na hawa ne, ko na niƙa, ko na jifa.