Matafiyi da Zuciyarsa a Ƙagaggun Labaran Hausa: Waiwaye a kan Shaihu Umar

Manufar wannan takarda ita ce mu dubi yadda ƙagaggun labaran Hausa na farko suka ɗauki mutumin da ya bar gida ya zauna a wata ƙasa, musamman abin da ke samun hankalinsa a can. Abin da ya jawo hankalinmu ga wannan batu shi ne halin da mu ke gani a yankin Dosara, wato ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun, inda fita neman abinci ta daɗe da zama al'ada. A ranin 1952 zuwa 1953 kaɗai, ƙidayar da R. M. Prothero ya yi nazari a kanta ta nuna 'yan cin rani wajen 259,000 sun bi hanyoyin fita daga Lardin Sakkwato. Da aka gama madatsar Bakolori a 1978, ruwa ya cinye gonaki da gidaje, sannan aka yi rikicin Birnin Tudu a watan Afrilu na 1980, sai waɗansu suka ƙara samun dalilin tashi. A yau jikokinsu na bin hanyar Agadas zuwa Libiya da Aljeriya, waɗansu kuma su tafi takari Saudiyya. Daga cikinsu akan sami wanda ya komo ya daina magana, ko barci ya ƙaurace masa, a ce iska ce ta buge shi.

To, me adabinmu ya ce game da irin wannan mutum? Littattafan da suka fito a 1934, bayan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya, yawancinsu labaran tafiya ne. Amma Alhaji Imam na Ruwan Bagaja ya yi shekaru yana yawon duniya bai taɓa kwana da zulumi ba, duk wahalar da ta same shi abin dariya ta ke zama. Ganɗoki na Bello Kagara ma haka, takobinsa ya ishe shi abokin hira. Waɗannan taurari jiki gare su da wayo, zuciyarsu kuwa marubutan ba su buɗe mana ita ba. Ba mu ce wannan aibi ne ba, domin salon tatsuniya suka bi, ita kuwa tatsuniya ba ta tsayawa tambayar Gizo yadda ya kwana.

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ne ya fita daban, kuma a nan mu ke so mu daɗe. An sace Umar yana yaro, ya faɗa hannun Abdulkarim Balarabe, aka kai shi Ber Kufa, ya yi karatu wurin Shaihu Mas'ud har ya zama malami. Mai karatu zai lura Umar da kansa ke ba da labarin, cikin natsuwa irin ta malamin da ke gaban almajiransa a Rauta, ba kuka ba ƙorafi. Masu nazari da dama sun yaba wannan haƙuri. Mu ma mun yaba, amma a ganinmu haƙurin ya rufe wani abu. Yaron da aka raba da uwa da harshe da abincin da ya saba, ba shi yiwuwa a ce bai ji komai ba, kuma marubucin ya san haka, shi ya sa ya bar kewar ta ɓullo ta hanyar mafarki. Sai da Umar ya ga mahaifiyarsa a barci sannan hankalinsa ya tashi ya nemi komawa gida. Wato abin da kunya ta hana baki faɗa, barci ya tona shi.

Nauyin ciwon kuwa kan uwar aka ɗora. Ita ce ta fita nemansa, aka yaudare ta, aka mai da ta baiwa a ƙasar Larabawa, baƙin ciki ya cinye ta, suna haɗuwa ba da jimawa ba ta rasu. Babu likita a labarin, babu dangi, babu ko mai jin harshenta da za ta kai wa kuka. Duk lokacin da muka karanta wannan wuri da ɗalibanmu a aji, mata ne kan fara yin shiru, domin kusan kowace ta san wata 'yar aikatau da ta tafi Jidda ko Makka ta komo ba yadda ta tafi ba. A nan ne kuma mu ke ganin rauni a littafin: an yarda mace ta karye, an hana namiji. Wannan rabo da marubucin ya yi shi ne har yanzu ke hana ɗan cin rani faɗin abin da ke damunsa, don kada a ce ya yi raki.

Akwai kuma abin da littafin ya nuna ba tare da ya ja layi a ƙarƙashinsa ba. Abin da ya tsare hankalin Umar shi ne ya sami uban gida mai tausayi, da malami, da wurin zama a cikin jama'a. Irin wannan aiki ne zango da sarkin zango suka yi wa Hausawa a Kumasi da Akara, da unguwannin 'yan Afirka ta Yamma a Sudan. Haka kuma T. A. Lambo ya gina tsarin ƙauyen Aro a Abekuta a 1954 bisa wannan fahimta, cewa mai taɓin hankali ya fi saurin warkewa idan yana tare da nasa. Wanda ya shiga Libiya ba takarda, ko 'yar aikin da aka karɓe wa fasfo, ba su da zango ko ɗaya.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairu na 2023 ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, amma ikonta bai tsallaka iyaka ba, kuma mutumin Dosara da ya komo da ciwo sai an yi tafiya mai nisa da shi zuwa asibitin Kware, in an yarda ciwo ne ke nan. Shi ya sa mu ke roƙon malaman da ke koyar da Shaihu Umar a kwalejoji da su riƙa tsayawa a kan mafarkin Umar da mutuwar mahaifiyarsa, su tambayi ɗalibai wa suka sani da ya tafi, kuma a wane hali ya komo.