Jinjina ga Masu Hidimar Django

A shekarar 2003, a ofishin jaridar Lawrence Journal-World da ke jihar Kansas ta Amurka, Adrian Holovaty da Simon Willison suka ƙera wa kansu manhajar gina shafukan intanet da harshen Python, domin aikin jarida ba ya jira. A 2005 aka saki manhajar kyauta da sunan Django. Har Instagram a kanta aka gina shi.

Waɗanda suka fi burge ni su ne masu aikin da ba a gani. Wani zai kawo ƙorafi cewa shafinsa ya ƙi karɓar kwanan wata. Sai wata baiwar Allah, bayan ta tashi daga nata aikin, ta zauna ta bi sawun matsalar har ta gano layi ɗaya da ya karkace, ta gyara, ta rubuta gwajin da zai hana matsalar dawowa. Ko sisi ba ta karɓa ba. Wasu kuma a asirce suke toshe ɓarakar da ɓarayin intanet za su bi, ba sa cewa uffan sai gyaran ya fito. Da babu su, bayanan miliyoyin mutane da sun zama ganima.

Daga cikin wannan al'umma aka samu Django Girls, wadda ta faro a Berlin a 2014 tana koyar da mata kyauta, kuma a 2023 aka yi taron DjangoCon Africa na farko a Zanzibar.

Duk mai cin abinci da Django, don Allah ya tallafa wa gidauniyarta, ko ya ɗauki ƙorafi ɗaya ya warware.