Kafin a Rubuta Kalmar Farko: Yadda Gwani Ke Saita Vim da Markdown

Akwai marubutan da in ka leƙa fuskar kwamfutarsu ba abin da za ka gani sai haruffa zalla. Babu jerin maɓallai a sama, babu wurin zaɓen girman baƙi ko launinsa. Kan magana yana farawa da alamar #, kalmar da ake son ta fito da kauri tana zaune tsakanin taurari bibbiyu, jerin abubuwa kuwa kowanne da ɗan karan ɗori a gabansa. Wannan tsari shi ake kira Markdown. Wani marubuci Ba'amurke, John Gruber, shi ya fitar da shi a 2004 tare da gudummawar Aaron Swartz, kuma abin da ya sa a gaba shi ne mutum ya iya karanta rubutun yadda yake, da alamominsa duka, ba tare da sun cika masa ido ba. Daga baya wata manhaja ce za ta bi alamomin ta mayar da rubutun shafin intanet, ko takardar ofis, ko littafi.

Alamomin ba su da wuyar koyo, zama ɗaya ya isa. Gwanintar tana wajen gyara wa manhajar rubutun zama, har ta san irin aikin da ake yi da ita. Kuma ban san inda wannan gyara ya fi daɗin kallo ba kamar a hannun masu aiki da Vim.

Vim tsohuwar zuma ce. Tushenta wata manhaja ce mai suna vi, wadda Bill Joy ya rubuta a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1976. Na'urar da yake aiki da ita, ADM-3A, an zana kibiyoyinta ne a kan madannan h, j, k da l, shi ya sa har gobe da waɗannan haruffa huɗu ake zuwa hagu, ƙasa, sama da dama. Bram Moolenaar, mutumin ƙasar Holan, ya fitar da Vim a 1991, ya bayar da ita kyauta, yana roƙon duk wanda ya ji daɗinta ya taimaki yara mabuƙata a Uganda, kuma shi ya ci gaba da kula da ita har rasuwarsa a watan Agustan 2023. Hali biyu gare ta da ya kamata baƙo ya sani: a ɗaya, abin da ka danna shi ke shiga takarda, a ɗayan, kowane harafi umarni ne. Madannin Esc ke mayar da kai halin umarni. Sai dai masu rubuta manhaja aka fi yi wa tanadi a cikinta, mutanen da layukansu gajeru ne. Mai rubuta labari ko maƙala sai ya sake mata tarbiyya.

Wurin tarbiyyar wani ɗan fayil ne mai suna `.vimrc`, wanda Vim ke karantawa duk lokacin da aka buɗe ta. A nan gwani yake fara ɗora ƙari, wato ƙaramar manhajar da ake liƙa wa babba don ta ƙara mata wata iyawa, abin da masu sana'ar ke ce wa fulogin. Da yawa suna amfani da vim-plug na Junegunn Choi wajen ɗauko waɗannan ƙarin. Tsakanin layin `call plug#begin()` da layin `call plug#end()` zai rubuta `Plug 'godlygeek/tabular'`, a ƙarƙashinsa kuma `Plug 'preservim/vim-markdown'`. Jerin ba na ganin dama ba ne, tabular ake sa wa a gaba domin da ita ɗayan ke daidaita jadawali. Ya adana, ya sake buɗe Vim, ya buga `:PlugInstall`, ya jira ta ɗauko su.

Daga nan ba ya gaggawar buɗe ainihin aikinsa. Yadda tela ba ya dosar shaddar mutane sai ya gwada ƙarfin zaren keke a kan ƙyalle, haka shi ma yake da fayil na gwaji: kanun magana hawa uku, jeri a cikin jeri, baitin waƙa, ɗan jadawali, da jimla ɗaya mai ɗauke da ɓ, ɗ da ƙ. Duk layin da ya ƙara a saiti, sai ya dawo nan ya ga abin da ya sauya. Tambayarsa ta farko ga Vim ita ce `:set filetype?`, ma'ana wane irin fayil kika ɗauki wannan? In ta amsa da markdown, madalla. Dalilin tambayar shi ne tsofaffin fitowar Vim in sun ga fayil mai ƙarewa da `.md` sai su ɗauka yaren manhaja ne mai suna Modula-2, su shafa masa launukan da ba nasa ba. Wanda bai tambaya ba zai yini yana gyaran abin da ba shi ne ya lalace ba.

Sauran saitin ba ya zuba shi a `.vimrc` gaba ɗaya. Yana buɗe wani fayil a `~/.vim/after/ftplugin/markdown.vim`. Kowace gaɓa a wannan adireshi da aikinta. Abin da ke cikin `ftplugin` ba ya tashi sai an buɗe irin fayil ɗin da aka ambata, abin da ke ƙarƙashin `after` kuma a ƙarshe ake karanta shi, bayan Vim da ƙarin sun gama faɗin nasu, don haka maganar mai gida ita ce ta ƙarshe. A ciki da `setlocal` yake umarni a maimakon `set`, don kada gyaran da ya yi wa labari ya bi shi cikin wani aikin daban.

Matsalar farko ita ce doguwar jimla. Yana rubuta `setlocal wrap linebreak textwidth=0`. Kalmar farko bayan `setlocal` tana sa layin da ya kai bakin fuska ya naɗo ƙasa, ta biyu tana hana a datse kalma a tsakiyarta, ta uku kuma tana hana Vim yanka layin da kanta in ya yi tsawo. Amma naɗewar a ido ce kawai. A wurin Vim sakin layin nan duka layi ɗaya ne, in ka danna j sai ta tsallake shi gaba ɗaya. Maganin shi ne `nnoremap <buffer> j gj` da ɗan'uwansa na k, waɗanda ke sa manuni ya bi layin da ido ke gani. Wasu kuma sun ɗauki wata tsohuwar shawara da Brian Kernighan ya ba masu koyon Unix a 1974, cewa kowace jimla ta fara a sabon layi. Markdown yana haɗe layukan da ke manne da juna su zama sakin layi guda, ba ya rabawa sai ya ga layin da babu komai a cikinsa. To, mai wannan ɗabi'a in yana son ɗage jimla, `dd` zai danna ya ɗauke ta, ya je inda yake so ya danna `p` ya ajiye. Ni wannan hanyar ta fi kwanta mini a rai, don tana nuna wa marubuci jimlar da ta yi tsawo tun kafin edita ya gaya masa.

Sai ɓoye alamomi, wanda shi ne ya fi ba ni sha'awa. Da `setlocal conceallevel=2`, taurarin da ke gefen kalma sai su ɓace, kalmar ta tsaya da kaurinta, dogon adireshin intanet kuma ya shige bayan sunan da aka ba shi. Ba a goge komai ba, suna nan a fayil. Da manuni ya sauka a kan layin sai su bayyana don a iya gyara su, da ya bar layin su sake ɓuya. Wanda ya tsara wannan ya lura da abin da marubuci ke buƙata ƙwarai: a inda yake aiki yana son ganin komai, a sauran shafin yana son karatu ba tsaiko.

Ninki ma haka. Ƙarin vim-markdown yana ninke duk abin da ke ƙarƙashin kan magana ya zama layi ɗaya. `zM` ya ninke duka, ka ga babi-babin littafi a fuska guda. `zR` ya buɗe duka. `za` ya buɗe ko ya rufe wanda kake kai. Da `]]` ake tsallakawa kan magana na gaba, `:Toc` kuma ya jero su a gefe. Wanda ninkin ke yi wa nauyi a babban fayil yana kashe shi da `let g:vim_markdown_folding_disabled = 1`.

Abin da ya fi cin mutane shi ne sararin da ba a gani. Wanda ya saba tura farkon sakin layi ciki, in ya bar tazara huɗu a gaban jimla, Markdown zai ɗauka rubutun manhaja ne ya saka shi a akwati da baƙin tafireta. A ƙarshen layi kuma tazara biyu umarni ne: a karya layi a nan ba tare da an buɗe sabon sakin layi ba. Mai rubuta waƙa da wannan yake raba ɗangayen baiti. Saboda haka gwani yana sa `setlocal list listchars=trail:·`, sai kowace tazarar ƙarshen layi ta fito da siffar ɗigo, ya san wadda ya ajiye da gangan da wadda ta faɗo bisa kuskure. Akwai saitin da masu rubuta manhaja ke so, mai share irin wannan tazarar duk lokacin da aka adana fayil. Wanda ya kwaso ɗaruruwan layukan saitin wani ya zuba a nasa ba tare da ya karanta ba, yana iya kwasowa har da shi, ya wayi gari baitocinsa sun narke sun zama zube, ya rasa ta ina abin ya ɓullo. Shi kuwa gwani, a saman kowane layi akwai ɗan bayanin da ya rubuta wa kansa, wanda ya fara da alamar `"` don Vim ta san ba da ita ake ba. Saitinsa bai da yawa, amma ba layin da za ka nuna masa ya kasa gaya maka wahalar da ta haife shi.

Mai rubuta Hausa yana da ƙarin aiki, domin yawancin allunan madannai ba su zo da haruffa masu lanƙwasa ba. Da farko `set encoding=utf-8` a saman `.vimrc`, tsarin da ke ba kowane harafi na duniya gurbinsa. Sannan akwai wata tsohuwar dabara ta Vim ta haɗa haruffa biyu su haifi na uku. Kowane harafi yana da lambarsa a kundin Unicode: ƙ ita ce 409, ɓ 595, ɗ 599. In ya rubuta `digraphs kk 409 bb 595 dd 599`, to daga ranar, ya danna Ctrl da k sannan ya buga kk, sai ƙ ta fito. Manyan kuwa Ƙ 408, Ɓ 385, Ɗ 394. Marubucin Nijar, inda ake rubuta ƴ a wurin da Nijeriya ke sa 'y, zai ƙara 436. Wannan ɗan layi shi ke raba ƙasa da kasa, ya raba ɗaki da daki.

Waƙafin saman nan na 'ya'ya da jama'a da sana'a shi ma sai an yi masa magana. Vim tana ɗaukarsa iyakar kalma, don haka in ka ce ta goge kalma sai ta goge rabi ta bar rabi. `setlocal iskeyword+=39` yana gaya mata cewa alama mai lamba 39 ɗin nan cikin kalma take. Mai haƙuri yana ma iya kunna duba kuskuren rubutu, duk kalmar Hausa da ya tabbatar daidai take ya danna `zg` a kanta, Vim ta shigar da ita jerin kalmominsa. A hankali jan layi yana raguwa, har ya zama abin da ya saura ja shi ne kuskure na gaske.

Jadawali ba ya ɗaukar lokaci. Ya rubuta shi a hargitse, da sandar `|` tsakanin gida da gida, ya buga `:TableFormat`, sandunan su miƙe a kan juna.

Saura fitar da aikin ga mutanen da ba ruwansu da Markdown. A nan Pandoc ke shigowa, manhajar da John MacFarlane, malamin falsafa a Berkeley, ya fara fitarwa a 2006. Gwani yana ɗaure ta a madanni ɗaya: `nnoremap <buffer> <F5> :w<CR>:!pandoc % -o %:r.docx<CR>`. Alamar `%` tana nufin fayil ɗin da ake ciki, `%:r` kuma sunansa ba tare da wutsiyar `.md` ba, saboda haka dannawa ɗaya ta adana rubutun ta fitar da takardar Word mai suna iri ɗaya, kanun magana duk sun hau matsayinsu. Wanda ya yi nasa da linzami, yana bin kowane kai yana ƙara masa girma da hannu, ranar da mawallafi ya ce a sauya fasali sai ya sake bin su ɗaya bayan ɗaya.

Ko a nan ma akwai wurare biyu da mai Hausa ke sa ido. Pandoc tana gyara alamomin zance su fito a lanƙwashe, kuma tana iya ɗaukar waƙafin farkon 'yan a matsayin buɗe zancen wani, ta juya shi baibai. Ƙara `-f markdown-smart` a umarnin yana hana ta wannan shisshigi. Na biyu, in PDF ake so, injin da take amfani da shi in ba a zaɓa mata wani ba yana iya tsayawa cak in ya gamu da harafi mai lanƙwasa. Sai a ce mata `--pdf-engine=xelatex`, a kuma ba ta salon baƙi mai ɗauke da haruffan, irin su Charis SIL, da `-V mainfont="Charis SIL"`. Ya danna, ya buɗe abin da ya fito, ya nemi jimlar nan mai ɓ da ɗ da ƙ. In sun fito da lanƙwasarsu, ya rufe fayil ɗin gwaji, ya buga `:e babi1.md`, ya danna i, ya fara rubutu.