Ogan Mai Bututu 9,999 Ba Ya Shiga Cikin Waya

Mu mazauna Sabo ba baƙin ƙarar ogan ba ne. Duk Lahadi muna jiyo shi daga cocin maƙwabtanmu Yarabawa, shi ya sa da yawa daga cikinmu suka ɗauka kayan kiɗan coci ne kawai. To ba haka abin yake ba. A Turai da Amurka akwai manyan ɗakunan kiɗa da aka gina wa ogan nasu na musamman, kuma ɗaya daga cikinsu ne ya jawo wannan sharhi.

Faifan da muka saurara shi ne "Midnight Sessions at the Royal Albert Hall" na Anna Lapwood, 'yar Ingila, wanda ya fito a 2023. Ogan ɗin wannan ɗaki na Landan, Henry Willis ne ya ƙera shi a 1871, kuma yanzu yana da bututu 9,999. Yadda yake aiki ba ya da nisa da kakaki ko algaita: iska ake hurawa cikin bututu. Bambancin shi ne inji ke hura iskar, mai kiɗa kuma na sarrafa ta da yatsu a kan jeri huɗu na maɓallai, ƙafafu kuma na taka wasu a ƙasa. Sunan faifan ma ba ado ba ne: da rana ɗakin na cike da shagulgula, sai tsakar dare take samun sa.

Abin da ya burge mu shi ne haƙurinta. A kiɗan fim ɗin Interstellar na Hans Zimmer, takan fara a hankali kamar raɗa, ta yi ta ƙara bututu bisa bututu har ɗakin ya cika. Kuma da yake babu jama'a, amon yana yawo cikin ɗakin kafin ya mutu. Wannan amon rabin daɗin faifan ne.

Amma fa akwai gyara. Na farko, kiɗan fim ya yi yawa. Wanda bai san ogan ba zai tashi da tunanin cewa aikinsa ke nan, raka fim. Da ma ta ba mu ko da guda ɗaya daga irin na Fela Sowande, haifaffen Abeokuta a 1905, wanda ya rubuta wa ogan kiɗa da karin Yarabawa. Ɗaya ma sunansa "Obangiji", kalmar da kunnen Bahaushe zai gane nan take.

Na biyu, laifin namu ne. Babban bututu mai tsawon ƙafa 32 yana kaɗawa kusan sau 16 ne a daƙiƙa ɗaya, sautin da ƙirji ke ji fiye da kunne. Sifikar waya ba ta iya fitar da shi, sam. Wallahi wanda ya saurara ta waya a bakin shago, ga hayaniyar okada da janareto, bai ji komai ba sai ƙaiƙayi.

Shawararmu: ku nemi iyafis mai kyau ko babbar sifika, ku bari sai dare ya raba, unguwa ta yi tsit. A irin lokacin aka ɗauke shi, a irin lokacin ya kamata a ji shi.