Bala Miller da Waƙar Hausa a Bakin Ƙahon Bature

Wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Rano ranar hawan salla ya san busa tsohuwar abokiyar kunnen Bahaushe ce. Mai algaita zai cika kumatu, yana jan numfashi ta hanci ba tare da sautin ya yanke ba. Mai kakaki kuwa da murya biyu kacal yake yi wa sarki kirari, kuma jama'a su gane abin da ya faɗa. Don haka da Bala Miller ya tara masu busa ƙahonin Turawa ya ɗora musu waƙar Hausa, ƙarar ba ta ba kowa mamaki ba. Abin da ya zo da shi sabo shi ne rabon aiki.

An haife shi a Fankshin a 1928, ɗan wani limamin coci Bazazzagi. Karatu ya kai shi Legas, inda ya tarar da kiɗan hailaif yana tasowa a otal-otal, har ya riƙa tsara waƙoƙi Victor Olaiya da ƙungiyarsa suna rerawa. A nan ya saɓa wa al'adarmu. Wajen Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata, mai ƙulla waƙa shi ne mai rera ta. Jagora ya jefa ɗan waƙa, 'yan amshi su cafe, su yi ƙari, su koma gindi. In wani mai kyauta ya shigo fili, nan take a saka sunansa, kiɗa bai tsaya ba.

Mai tsara wa babbar ƙungiyar busa waƙa ba shi da wannan sarari. Tun kafin a hau dandamali sai ya yanke inda masu ƙaho za su shigo, da inda za su yi shiru murya ta fito, da tsawon abin da mai ganga zai riƙe. Mutum ashirin ba sa juyawa lokaci guda don an hango attajiri. Ga kuma karin sautin Hausa: in busa ta hau inda kalma ta sauka, ma'ana ta karkace, mai sauraro ya ji kamar baƙo ne ke magana. Gwanintar Miller, a ganina, tana nan, domin ya iya sa ƙaho ya bi harshe.

Gwamna Audu Bako ya gayyace shi Kano don kafa makarantar koyon kiɗa, ya kuma yi aiki a bikin FESTAC na 1977. Daga nan ya kafa ƙungiyarsa, Great Music Pirameeds of Africa, mai mutum 28, wadda aka fi saninta da waƙar "Ikon Allah", sannan ya samu shirinsa na kansa a talabijin na NTA.

Sai dai a faɗi gaskiya, in aka cire busar aka bar kalmomi tsirara, ba za su ja da na makaɗan fada ba. Babu zambon nan mai sa fadawa sunkuyar da kai, babu jeren asalin sarki kaka da kakanni. Gajerun jimlolin nasiha ne, saboda ƙaho ya cinye filin.

Kuma tsarin yana cin kuɗi. Makaɗin fada sarki ke ba shi doki da riga da hatsi. Ƙungiya irin ta Miller albashi take so, da kayan busa daga ƙasar waje, da zauren otal ko kulob, wuraren da magidancin ƙauye ba zai so a gan shi ba. In waƙar ta iso masa, ta rediyo ce. Kafin Miller ya rasu a 2003, fiyano ta riga ta mamaye situdiyoyin Kano, yaro ɗaya yana fitar da aikin mutum ashirin da yatsunsa. Amma rabon aikin nan bai ɓace ba, domin a waƙoƙin fim na yau, sau da yawa wani ke rubutawa, wani ya rera, wani ya haɗa kiɗa, jarumi kuma ya motsa baki a gaban kyamara.